Digirin Yaya Nata'ala da Ɗakin Kan Hanyar Ruwa

Naira dubu ɗari uku da arba'in da bakwai da ɗari takwas. Abin da digirin Yaya Nata'ala ya ci ke nan, kuma ba ƙiyasi na yi ba. Baba ne ya rubuta da hannunsa a bayan kwalayen zare guda goma sha ɗaya, ni kuma na tsince su ɗaure da tsumma a ƙasan akwatinsa bayan rasuwarsa. Mahaifinmu Malam Ɗantani zare yake sayarwa a kasuwar Ƙofar Wambai. Bai yi boko ba, amma kwabo ba ya fita daga aljihunsa bai rubuta shi da ajami ba. Wannan halin ni na gaje shi. Robobi nake sayarwa a kasuwar nan dai, kuma in ka tambaye ni bokiti nawa na sayar ranar Talatar makon jiya, zan gaya maka ban buɗe littafi ba.

Mu biyar ne a gidanmu da ke gindin Goron Dutse. Yaya Jibrin ne babba, dillalin motoci, sai Yaya Nata'ala, sai Indo, sai ni, sai Mero. A cikinmu Nata'ala kaɗai ya taka jami'a.

Akanta ya so ya zama. Da sunayen shiga jami'a suka fito a shekarar 2004, sai ya tarar an ba shi labarin ƙasa, wanda 'yan boko ke cewa jogirafi. Ina soro lokacin da ya zo ya durƙusa yana yi wa Baba bayani.

"Shi wannan karatun, in an gama me ake zama?" in ji Baba.

"Ana zama abubuwa da yawa, Baba."

"Faɗi ɗaya."

Yaya Nata'ala ya ce ana zana taswira, ana aikin ƙidayar jama'a, ana aikin filaye.

Baba ya ce, "To, filaye dai ba sa ƙarewa. Je ka, Allah Ya yi albarka."

Karatun shekara huɗu ya zama biyar da rabi saboda yajin aiki. Komai yana cikin kwalayen nan: kuɗin rajista, kuɗin mota, kuɗin takardun da malamai ke sayarwa, takalmin hawan dutse na dubu biyu da ɗari biyar, tafiyar ganin duwatsu a Filato dubu tara da ɗari biyar. A shekara ta uku kasuwar zare ta tsaya cak. Baba yana da rumfa biyu, ya sayar da ɗaya a kan dubu ɗari biyu da tamanin. A kwali na shida, ƙarƙashin adadin, ya rubuta layi guda: "Rumfa ta tafi. Allah Ya dawo da ita ta hannun Nata'ala."

Ya gama, ya yi bautar ƙasa, ya dawo. Takardun neman aiki sittin da uku ya rubuta, ni nake raka shi wajen masu hoton takarda, shi ya sa na san adadin. Wurare huɗu suka kira shi, babu inda aka ɗauke shi. Daga ƙarshe wata makarantar kuɗi a bayan unguwarmu ta ba shi aji a kan dubu goma sha biyu a wata. Shekara huɗu yana kan haka, sannan ya koma dubu goma sha takwas na shekara biyar, sannan dubu talatin. In ka tara duka na shekara goma sha uku, miliyan uku ne da ɗan ɗoriya. Ni a rumfar robobi, in kasuwa ta yi kyau, wata goma sha huɗu ya ishe ni in ga wannan kuɗin.

Ajin nasa ma raguwa yake yi. Da ya fara, yara arba'in da biyu ne a gabansa. Da aka mayar da darasin na ganin dama, sai suka gudu wajen kwamfuta da kasuwanci. Bara ɗalibai huɗu ya koyar, ɗaya ma don ajin ya fi iska take zama.

Ya taɓa aure. Sa'ida sunanta, 'yar Ƙofar Nassarawa, mace mai kirki. Shekara biyu da wata takwas suka yi, kuma ban taɓa jin muryarsu ta ɗaga ba. Ta tafi jinyar mahaifiyarta, jinya ta ƙare ba ta dawo ba, iyayenta suka aiko a ba su takarda, ya rubuta ya ba su. Washegari ya kwashe littattafansa daga cikin gida ya koma ɗakin da ke jikin soro, wanda ƙofarsa ke kallon titi, inda ya yi samartakarsa. Tun daga ranar, can yake zaune. Katifa ɗaya, kujera ɗaya, buta ɗaya, sai taswirar birni da ya zana da hannunsa a takarda ta cinye bango guda.

A saman ɗakin akwai kwalba da mazurari a bakinta. Duk ranar da aka yi ruwa yakan kafa tsani ya hau, ya auna abin da ya taru, ya rubuta a littafi. Daga nan ya naɗe ƙafar wando ya shiga lunguna yana bin ruwa, ya ga ta inda ya fito da inda ya nufa. Ya san kududdufai ashirin da bakwai da aka cike aka yi gini a kansu, da sunan kowanne, da shekarar da aka cike shi. Babu wanda ya sa shi, babu wanda ke biyansa, kuma babu wanda ke tambayarsa sai don tsokana.

"Malam Taswira, yau za a yi ruwa ko in shanya kayana?" haka 'yan majalisar ƙofar gidanmu ke ce masa.

"Ba duba na karanta ba," yakan ce.

"To me ka karanta? Mu ma mun san ƙasa tana ƙasa, sama tana sama, ba mu biya ko sisi ba."

Da farko yana dariya tare da su. Daga baya ya koma yi musu sallama ya wuce. Akwai makon da na sa ido don in ga mutum nawa za su shiga ɗakinsa. Mutum ɗaya ne, kuma ni ne.

Ni ba na iya ganin mutum a zaune kuɗi na wucewa ta gabansa. Da na kama rumfa ta biyu sai na je na same shi. Na ce, "Yaya, ka bar allon nan ka zo ka tsaya mini, dubu sittin a wata, ninki biyu ke nan." Ya zo a lokacin hutu, ya yi kwana tara. A rana ta tara wani ɗan kasuwa daga Damagaram ya zo sarin bokitai dozin ashirin. Na je sallah na dawo na tarar da su a kan benci, Yaya yana tambayarsa gaba nawa ake haƙa rijiya a garinsu kafin a tarar da ruwa, mutumin yana ta zuba, har ya zana masa a ƙasa da tsinke. Sun yi awa guda. Mutumin ya tashi yana ta sa albarka, ya ce rabonsa da hira mai daɗi haka ya manta, sannan ya je rumfar maƙwabcina ya sari bokitansa, don Yaya bai ko gaya masa farashi ba. Da yamma ya miƙo mini makulli ya ce, "Abdulhakim, kada in karya ka." Ban yi gardama ba.

Baba ya rasu a 2021, Umma Turai ta bi shi bayan shekara biyu. Ita ce ke aika wa Yaya Nata'ala da kwanon tuwo kullum, ita ce kuma ke tara mu duk ranar Juma'a. Da aka yi sadakar arba'in, Yaya Jibrin ya ce a sayar da gida a raba, tun da kowa yana da inda yake zaune. Kowa ban da mutum ɗaya, amma ba a faɗa ba.

Cikin bazarar 2024 Yaya Jibrin ya kawo mai saye, wani Alhaji Auwalu da ke rushe tsofaffin gidaje yana gina shaguna. Ya zagaya ya taya miliyan ashirin da huɗu. Maza uku, mata biyu, kashi takwas ke nan, kowane namiji miliyan shida. Muka zauna a tsakar gida don mu tsayar da magana, sai Yaya Jibrin ya gyara murya.

"Akwai maganar rumfar Baba. Mu huɗu babu wanda aka sayar da rumfa dominsa. Abdulhakim, kai ne mai lissafi, yau nawa rumfar nan take?"

Na riga na tambaya a kasuwa, don ya gaya mini tun da sati. Na ce miliyan shida da rabi. Ni na yi lissafin, kuma daidai na yi shi.

"To ka ji, Nata'ala. Gadonka ka cinye shi a jami'a, har da rarar dubu ɗari biyar."

Limamin unguwarmu da zai yi rabon ya ce ba haka shari'a ta ce ba, abin da uba ya kashe wa ɗansa yana raye ba a cire shi daga gado.

"Na ji, Allah gafarta malam," in ji Yaya Jibrin. "Shari'a ba ta cire ba. Kunya fa?"

Indo ta sunkuyar da kai, Mero ta kama wasa da bakin mayafinta. Yaya Nata'ala ya daɗe yana kallon ƙofar ɗakin Umma da ke rufe, sannan ya ce, "Ku riƙe kuɗin. Ni ɗakina kawai nake so."

"Ɗakinka shi ne fuskar gidan. Don shi Alhaji ya taya haka, nan zai sa ƙofar shagunan."

Magana ta tsaya a nan: za a sayar da gida duka, za a raba mu huɗu, a kama wa Nata'ala hayar ɗaki ta shekara ɗaya a bayan gari. Na lissafa masa a zuci. Ɗaki mafi arha dubu ɗari da hamsin a shekara, albashinsa na wata biyar ke nan, ga kuɗin mota zuwa makaranta. In shekarar ta ƙare ban san inda zai nufa ba, shi ma bai sani ba. Ya ce to. A satin ya fara neman kwalaye a wajen masu shaguna yana zuba littattafai.

Ranar ciniki, wata Asabar da hantsi, aka shimfiɗa tabarmi a soro. Ga mai unguwa, ga liman, ga Alhaji Auwalu da dillalinsa, ga mu maza uku. A cikin birni in za a sayar da gida, kafin a sa hannu mai unguwa yakan yi wata tambaya, ya ce ko akwai wanda ya san wani aibu a gidan nan da ya kamata mai saye ya sani. Sau goma sha huɗu ina zama shaida a cinikin gida, ban taɓa jin an amsa ta ba. Akan yi shiru na ɗan lokaci, mai unguwa ya ce madalla, a shafa fatiha. Shi kansa ranar yana tambayar yana cire murfin biro.

"Akwai, ranka ya daɗe," in ji Yaya Nata'ala.

Mai unguwa ya ɗago yana neman wanda ya yi magana.

"Ruwan gida shida ta ƙarƙashin ɗakina yake wucewa."

Yaya Jibrin ya yi 'yar dariya. "Alhaji, kada ka damu, ɗan'uwan namu malamin makaranta ne, ko'ina aji ne a wurinsa."

Amma Alhaji Auwalu ya riga ya juyo. "Malam, yi mini bayani."

Yaya ya shiga ɗakinsa ya ɓamɓaro taswirar daga bango ya shimfiɗa a tsakiyarmu. Gidajen cikin birni a manne suke, babu lungu a tsakanin wasunsu, don haka kowane gida yana da rariya a gindin katanga da ke zubar da ruwansa a gidan da ke ƙasa da shi. Haka kakanni suka shirya, ba a rubuce ba, kuma maƙwabci ba ya hana maƙwabci. Kowa ya san rariyarsa da ta wanda ke samansa, amma babu wanda ya taɓa bin ta har ƙarshe. Yaya ya bi. Daga gidan 'Yardada, tsohuwar da ke can jikin dutse, ruwa yana gangarowa gida zuwa gida har shida, ya shigo namu ta bayan madafa, ya nutse cikin wata kwata da kakanmu ya rufe da faffaɗan duwatsu, ya bi ta ƙarƙashin ɗakin Yaya ya faɗa kwatar titi. Mu da aka haifa a gidan mun ɗauka ruwan tsakar gidanmu ne kawai.

"In aka zuba kankare a nan," ya ɗora yatsa a kan ɗakinsa, "ruwan ba shi da wata hanya. Zai koma baya. Huɗu daga cikin gidajen nan ginin ƙasa ne, ruwan sama mai ƙarfi biyu ya ishe su."

Dillali ya ce, "Haba malam, a wannan ranin wa ke maganar ruwa? Ga gida a bushe ƙamas."

"Shi ya sa kuke kawo mu da rani ai," in ji Alhaji. "Malam, zane zane ne. Za ka iya nuna mini da ido?"

"In za a samu ruwa da shuni."

Aka tare 'yan ga-ruwa biyu, jarka ashirin da huɗu, dubu biyu da ɗari huɗu, ni na biya. Aka samo shuni a wajen wani marini. Ni da Yaya muka hau gidan 'Yardada, sauran suka tsaya a ƙofar ɗakinsa. Tsohuwar tana zaune tana tsince wake ta ga ana shigo mata da jarkoki.

"Nata'ala, rini ka koma? Da ka faɗa ai da na ba ka zanena. Ko dai amarya za ka yi, ka zo ka wanke mini gida in tare?"

"Ke kin fi ƙarfina, 'Yardada, sadakinki sai 'yan kasuwa."

"Ka ji shi. Karatu har karatu, sadakin tsohuwa ya gagara."

Muka kwarara shuɗin ruwan a rariyarta, na duba agogo, muka gangaro da sauri. Muka tarar da su a tsaye sun zuba wa bakin kwatar ido. Minti biyar babu komai. Minti goma babu komai, Yaya Jibrin ya fara kaɗa makullin mota. A minti na goma sha uku sai ga wani kyankyaso ya fito a guje daga ƙarƙashin dokin ƙofar, sai ga ƙasa ta jiƙe, sai ga ruwa shuɗi yana malalowa a hankali zuwa titi.

Alhaji Auwalu ya tsuguna ya taɓa da yatsa. Ya ce, "Na taɓa toshe irin wannan a wata unguwa ban sani ba. Shekara uku ina zarya gaban alƙali, ga katangar mutane na gina musu. Hanyar ruwa ba a sayenta." Ya sa aka kawo awo, aka ware ƙafa goma sha ɗaya daga gefen gidan, tun daga bayan madafa har titi, da ɗakin a ciki. Ya ce wannan ko kyauta aka ba shi ba ya so. Sauran kuma, tun da fuskar ta ragu, miliyan goma sha bakwai da dubu ɗari huɗu, in an yarda.

Yaya Jibrin ya zo soron nan da lissafin miliyan takwas a kansa, ya ga ya koma biyar da dubu ɗari takwas. Bai bari baƙi sun tafi ba.

"Don ɗakinka ka yi. Shekara nawa ka san da kwatar nan, sai yau?"

"Sau biyu ina gaya maka, Yaya. Ka ce in bar ka da labarin ƙasa."

"Ka tashi ka karya mana ciniki a gaban mutane."

"Tambaya aka yi."

"Tambayar da ake yi tun kafin a haife ka, wa ka taɓa ji ya amsa?"

Yaya Nata'ala ya durƙusa yana naɗe taswirarsa. Ni dai na san abu ɗaya: kwalaye tara ya riga ya ɗaure a ɗakin nan, kuma ya ba da kafin alƙalami na ɗakin haya. Wanda ya shirya zama ba ya ɗaure kaya.

Wani mai sayen ba zai zo ba, don kafin la'asar labarin shuɗin ruwa ya zaga unguwa. Aka karɓi tayin. Dillali ya yi wa zirin da aka ware kuɗi miliyan ɗaya da rabi. Liman ya buga lissafi ya ce haƙƙin Nata'ala miliyan huɗu ne da dubu ɗari bakwai da ashirin da biyar, don haka bayan ɗakin yana bin mu miliyan uku da dubu ɗari biyu da ashirin da biyar, kuma ba zai rufe rabo ba sai an ba shi ko ya yafe da bakinsa.

"Na yafe. A bar shi a kan rumfar Baba."

Liman ya maimaita tambayar sau uku, sau uku yana ba da amsa ɗaya. A cikin abin da ya yafe, miliyan ɗaya da dubu saba'in da biyar aljihuna suka shigo. Na karɓa, na saro kaya da su.

Cikin wata biyu aka rushe gidan. Ɗakin Umma, rijiya, bishiyar zogale, soron da Baba ke karatu, duk suka tafi a bayan tifa. Shaguna goma sha biyu suka tashi, hawa biyu, da tayil da gilashi. A gefensu ɗakin Yaya ya rage shi kaɗai, na ƙasa, kamar haƙori ɗaya a bakin tsoho. Yaya Jibrin bai sake taka unguwar ba, ko a wajen ɗaurin aure suka haɗu hannu kawai yake miƙa masa. Indo da Mero suna gaishe shi a waya, amma babu tsakar gidan da za su zo su zauna ranar Juma'a. 'Yan majalisa ma sun tashi, don dakalin da suke zama ya tafi.

Wani abu ya faru da ya sa na yi zaton rumfar Baba ta kama hanyar dawowa. Alhaji Auwalu ya aiko a kira Yaya ya duba masa wasu gidaje biyu kafin ya saya, ya ba shi dubu ashirin ashirin. Wannan ne kuɗi na farko da digirin ya kawo a wajen aji, bayan shekara goma sha biyar. Nan take na ga sana'a. Na buga masa kati ɗari biyu a kan dubu shida, aka rubuta a duba hanyar ruwa kafin a sayi gida, ga lambarsa. Na lissafa cewa ko gida huɗu ya duba a wata ya ninka albashinsa kusan sau uku. Abin da ban saka a lissafi ba shi ne dillalai. Su ke kai mai saye, kuma babu dillalin da zai kai ciniki wajen mai amsa tambayar mai unguwa. Suna hango shi suke sauya hanya. A wata goma sha huɗu mutum uku suka kira, ɗaya ma kuskuren lamba ne. Katunan suna nan a kan tagarsa, saura ɗari da tamanin da ɗaya.

Cikin watan Agustan da ya wuce na biya ta wurinsa da la'asar, hadari ya tsare ni. Ya ba ni kujerar, shi ya zauna a bakin katifa. Da ruwan ya kankama sai na ji ƙasan ɗakin yana gurnani, har tafin ƙafata yana jin wucewarsa. Yaya ya ɗauki wani dogon rodi da ke bayan ƙofa, ya yafa buhu, ya fita ya zaƙulo ledoji da suka taru a bakin kwatar, ya dawo a jiƙe. Haka yake yi duk ruwa. Gidajen nan shida suna tsaye, kuma ban ji wani daga cikinsu ya taɓa leƙowa ya ce sannu ba, in ban da 'Yardada da ta aiko masa da dafaffen wake sau ɗaya kafin ta rasu.

Da aka ɗauke ya kafa tsani ya hau ya duba kwalbar, ya sauko ya rubuta milimita hamsin da takwas a littafi na goma sha shida. Yana rubutun ya ce, "Abdulhakim, na san ka yi lissafin karatun nan nawa. Riba ko faɗuwa?"

Na ce, "A kuɗi dai, Yaya, faɗuwa ce."

Ya gyaɗa kai. "Ni ma haka na samu."

Na ce ko zai dawo gidana da zama, akwai ɗaki a waje, ga yara, ga abinci.

"In na tafi wa zai buɗe bakin kwatar?"

Na ajiye masa kwalayen Baba goma sha ɗaya a kan kujerar, don tun rabon gado suke cikin but ɗin motata na rasa wanda zan ba. Ya kwance tsumman, ya tsaya a kan na shida ya daɗe, sannan ya mayar ya ɗaure.

Na fito ana kiran magariba. Masu shagunan suna ta jan ƙofofinsu suna tafiya gida. Da na kai kwanar titi na waiwaya, yana tsaye a ƙofar ɗakinsa da rodin a hannu, yana kallon sauran ruwan da ke fita ta ƙarƙashin ƙafafunsa.